Algaita Ba Amo: Léon Poirier a Hanyar Maraɗi da Tasawa

Daga shingen kwastan na Magama, a bakin iyakar Jibiya, zuwa Maraɗi kimanin kilomita 50 ne, ta Ɗan Isa. Ta ƙasar Maraɗin nan ne, a ƙarshen shekarar 1924, wasu motoci takwas suka wuce suka nufi gabas. Gabansu taya, bayansu ƙafa irin ta tankar yaƙi amma ta roba. Suna ɗauke da Turawan Faransa, da gangunan fetur, da bindigogin farauta, da kyamarar da ake juyawa da hannu. Abin da kyamarar ta ɗauka shi ya zama fim ɗin La Croisière noire, wanda aka fara nunawa a babban gidan opera na Paris ranar 2 ga Maris 1926, shugaban ƙasar Faransa Gaston Doumergue yana zaune. Yana daga cikin tsofaffin hotuna masu motsi da aka ɗauka a ƙasar Hausa, amma mu da aka ɗauka ɗin kusan mu ne na ƙarshe da labarinsa ya iske.

Sunan ma abin dubawa ne. Kalmar farko a Faransanci tana nufin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, ta biyu kuma baƙi. Wato nahiya guda ta zama teku, mutanenta sun zama launin ruwan.

Mai kuɗin tafiyar shi ne André Citroën, mai kamfanin motoci. Shugabanninta Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, waɗanda tun a 1922 zuwa 1923 suka ratsa Sahara da irin waɗannan motoci har Tumbutu. Wannan karon sun tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924, suka gangaro kogin Kwara, suka bi ta Yamai da Doso da Tasawa da Damagaram, suka kai Tafkin Chadi a tsakiyar Disamba, daga nan sai dazuzzukan Kongo, har suka ƙare a Madagaska a Yunin 1925. Kowace mota da sunanta da tambarinta. Ta Haardt sunanta Buzuzun Zinariya. A wajensu ƙwaron alama ce mai daraja ta tsohuwar Masar. Mu kuwa mun san abin da buzuzu yake mirginawa.

Wanda aka damƙa wa aikin fim shi ne Léon Poirier, haifaffen 1884, tare da mai ɗaukar hoto Georges Specht. Poirier ba ɗan koyo ba ne a lokacin. Daga gidan wasan kwaikwayo ya fito, ya shiga kamfanin Gaumont kafin yaƙin duniya na farko, ya yi finafinai irin su Narayana a 1920 da Jocelyn a 1922. Amma aikin da ya kafa sunansa a tarihin silima, wato Verdun, visions d'histoire, sai a 1928 ya zo. Saboda haka wanda ya iso ƙasar Hausa mutum ne da ya iya tsara labari da 'yan wasa, yana kuma ɗanɗana wani sabon abu: yadda za a sa mutanen gaske, a wurinsu na gaske, su yi wasan rayuwarsu a gaban kyamara. A kanmu ya gwada hannunsa.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Mutumin ya san inda ake ajiye kyamara. A sashen Sahara yakan ja da baya can nesa, ya bar motocin su zama ɗige-ɗige a jere kamar tururuwa, sararin sama da rairayi su cinye sauran allon. Ya san tsawon lokacin da ido ke buƙata kafin ya gaji da hoto. Duk wanda ya saba da finafinanmu na yanzu, inda mutum biyu za su zauna a falo su yi ta magana minti goma kyamara na kallonsu kamar baƙon da ya rasa abin cewa, zai ƙaru da kallon mutumin da ba shi da ko kalma ɗaya ta baki, dole hoto ya yi masa dukan aikin. Fim marar magana makaranta ce mai tsanani. Abin da haske da motsi ba su faɗa ba, sai dai a rubuta shi a allo, kuma rubutun idan ya yi yawa mai kallo ya gundura.

To amma wane ne jarumin wannan fim? Mota ce. Ita ke shiga rairayi ta fita, ita ke haye kogi a kan kwale-kwalen da aka ɗaure, ita ake tarya, ita ake rakiya. Duk sauran abubuwa, da sarki da raƙumi da dorina da 'yan rawa, abin da mota ta wuce ne. Talla ce mai tsawon nahiya, kuma kaya biyu take sayarwa lokaci guda: motar Citroën da mulkin Faransa. Hujjar kuwa iri ɗaya ce, cewa ga ƙarfe ya ratsa ƙasa daga wannan baki zuwa wancan ba wanda ya tare shi.

A nan ne mutumin Jibiya yake da abin da ya sani wanda mai kallo a Paris bai sani ba. Ya san dalilin da ya sa hanyar ta bi ta inda ta bi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani rabin da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta ba Ingila, abin da ya tura Faransawa can cikin busasshiyar ƙasa inda ayari ba ya samun rijiya tsakanin Kwara da Damagaram. Suka yi ta kuka har aka gyara layin a 1904, aka sake daidaita shi a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi shi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Da wannan gyara ne Faransa ta samu hanyarta mai ruwa, da shi ne kuma aka tabbatar da Maraɗi a can, Jibiya a nan. Gulbi ɗaya suke sha, wanda ke bi ta Jibiya ya faɗa Maraɗi. Sarkin can har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi ne. Layin da motocin Citroën suka bi suna murna, shi ne ya sa yau tsohuwa ke tsayawa a shinge tana bayanin dalilin da zai kai ta sunan jikanta. Da aka rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, mutanen Jibiya sun ji nauyin wannan layi a farashin kwanon gero. A fim ɗin Poirier hanya kawai ake gani, miƙaƙƙiya, kamar Allah ne ya shimfiɗa ta don mota.

Akwai kuma abin da ke kwance a gefen hanyar. Shekara 25 kacal kafin zuwan motocin, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta bi kusan wannan sawu tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi wa Birnin Konni kisan da har yau ake ba da labarinsa, kuma a kusa da Tasawa ne, wajen Maijirgi, sojojinsu suka juya musu suka kashe su a watan Yuli. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta biyo baya. Sai tawayen Kawusan a Agadas a 1916 zuwa 1917 da irin murƙushewar da aka yi masa. Wanda yake ɗan shekara 15 ranar da aka ƙone Konni, yana da 40 ranar da motocin suka wuce. Yana iya kasancewa cikin taron da aka jera a bakin hanya. Idan fim ya nuna mana jama'a sun fito tarya, ya kamata mu tuna cewa waɗannan mutane sun san abin da ke faruwa da garin da bai fito ya tari Nasara ba.

Sai batun shirun, wanda shi ya fi tsaya mana a rai.

Abin da ya fi burge matafiyan a ƙasar Nijar shi ne dawaki: mahaya cikin lifidi, doki a lulluɓe har ƙafa, ga kwalkwali ga mashi. Suka ce sun ga jaruman Turai na zamanin da, kamar an buɗe littafin tarihi sun faɗo. Wannan kwatance shi ne dukan fahimtar da fim ɗin ya yi wa abin: ga mutanen da suka makale a wani ƙarni da Turai ta wuce, ga kuma mota ta zo daga gaba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah a Katsina ya san rabin hawa a kunne yake. Sarki ba ya fita shiru. Kakaki na faɗin wanda ke tafe, algaita na kiran sunan uba da kaka, tambari na da ranar da ake buga shi da wanda ake buga wa, maroƙi na jefa kirari wanda wani lokaci yabo ne a sama, habaici a ƙasa. Da kiɗa ake sanin wane ne babba, wane ne ya zo a kan tilas, wane ne aka rage wa daraja. Kyamarar Specht ba ta da kunne. Ta kwashe rawani da lifidi da ƙura, ta bar maganar a filin. A Paris kuwa sai aka sa makaɗan Turai a gaban allo suka cike gurbin da nasu kiɗan, aka sa rubutun Faransanci tsakanin hoto da hoto yana gaya wa mai kallo abin da yake gani.

Ba laifin Poirier ba ne cewa na'urar ɗaukar sauti ba ta iso ba tukuna. Fim mai magana sai a 1927 ya fara kama kasuwa a Amurka. Amma rashin sauti bai yi wa kowa adalci daidai ba. Baturen da ke cikin fim ɗin yana da suna a rubuce, yana da muƙami, ya kuma koma gida ya rubuta littafi, ya ba mujallar National Geographic labari a 1926. Shirun bai rage shi da komai ba. Al'ummar da ta ajiye tarihinta da siyasarta da barkwancinta a baki da fatar ganga, idan ka ɗauke mata sauti ka ɗauke mata hujja, ka bar ta da ado.

Wurin da aka fi ambata a sashen ƙasar Hausa shi ne Tasawa, inda Poirier ya shiga da kyamara cikin gidan Sarki Barmu ya ɗauki matan gidan. Ga mai kallo na Faransa wannan shi ne abin da ya biya kuɗi ya gani, domin tun kafin a haife shi masu zane suke sayar masa da mafarkin cikin gidan sarkin Musulmi. Poirier kansa ya riga ya yi finafinai masu ƙanshin wannan mafarki na Gabas kafin ya taka Afirka, don haka ya iso da hoton a kansa, wurin da zai sauke shi kawai yake nema.

Mu dubi yadda irin wannan ɗauka take yiwuwa. Kyamarar zamanin nauyi gare ta, a kan ƙafa uku take tsayawa, mutum na juya hannunta da gudu ɗaya. Faifan kuma ba ya kama hoto sai da rana sosai. Ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga duhu ne a wajensa. Ke nan ba a leƙa kowa a ɓoye ba. Sai an fito da mutane tsakar gida, an ce ke tsaya nan, ke zauna can, a yi, a sake. Abin da aka sayar a matsayin sirrin da ido bai taɓa gani ba, shiri ne da aka yi da tsakar rana, da tafinta a tsaye.

Sannan wa ya ba da izini, kuma yana da ikon hanawa? Namiji baligi baƙo ba ya wuce zaure a gidan malamin unguwa ma, balle gidan sarki. Amma sarkin 1924 a ƙasar Faransa ya san abin da ya sami na Damagaram: a 1906 aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi gudun hijira Kwaddibuwa, aka bar gidan sarautar ba sarki na gado har 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. Wato sarkin da ya tari motocin a Damagaram shekara ɗaya ke nan da hawansa, kuma ya san wanda ya hau da shi. A irin wannan hali, idan kwamanda ya ce manyan baƙi daga Paris suna son ganin cikin gida, amsar ɗaya ce. Abin da ya rage wa mai gida shi ne dabarar wanda aka fi ƙarfi: ya zaɓi ƙofar da zai buɗe da wadda zai bari a rufe. Cikin gidan sarki ba taron mata ba ne kawai. Akwai uwargida da sauran matan aure, akwai sa-ɗaka, akwai kuyangi, akwai jakadiya, akwai gwaggo da iya da 'ya'yan gida, kowace da matsayinta da iyakar inda take takawa. Kalma ɗaya da Turawan suka ɗora wa dukansu ta shafe wannan duka. Bahaushiyar da za ta kalli hoton yau, daga ɗaurin zane da wurin zama da wadda ke riƙe da mafici, za ta karanta abin da daraktan bai san yana ɗauka ba.

Wannan ne ya sa ba mu tare da masu cewa a yi watsi da irin waɗannan finafinai tun da na 'yan mulkin mallaka ne. Kyamara takan ɗauki fiye da abin da mai ita ya nufa. Ginin soro, zanen bango, ɗinkin riga, yadda ake durƙusawa, yadda yaro ke leƙe daga bayan katanga, duk sun shiga ba da izinin kowa ba. Maraɗin da motocin suka ratsa ma ba ita ce ta yau ba, domin ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin da ke cikin kwari, aka koma kan tudu. Duk wani hoto na wancan zamani gado ne, ko da ɓarawo ne ya adana shi.

Sai dai a karɓe shi da ido biyu, kuma aikin Poirier na gaba shi ne babban gargaɗi. A Verdun ya koma ainihin filin yaƙin 1916 da tsofaffin sojoji, ya sa suka sake yin yaƙin a gaban kyamara. Ya yi shi da ƙwarewar da ta sa har yau akwai hoton wani sojan Faransa da harsashi ya sama yana faɗuwa, wanda littattafai da jaridu suka sha bugawa a matsayin hoton yaƙi na gaske, alhali daga fim ɗin aka ciro shi. In har Faransawa sun ruɗe da shirin Poirier a kan tarihinsu, ina ga mu? Kullum muna ganin tsofaffin hotuna na yawo a Facebook da WhatsApp, an rubuta a ƙasa cewa ga yadda kakanninmu suke, wasu na kafa hujja da su a gardamar sutura ko ta addini ko ta sarauta. Kafin a ce ga yadda suke, a tambaya wa ya ce su tsaya haka.

Akwai mai cewa ai zamaninsu ne, kowa haka yake gani. Ba kowa ba. A 1925 zuwa 1926 marubuci André Gide ya bi wasu daga cikin hanyoyin nan na Kongo da Chadi tare da Marc Allégret, wanda shi ma fim marar magana ya ɗauka. Gide ya dawo ya buga littafi a 1927 yana tona irin zaluncin da kamfanonin roba ke yi wa mutane, har maganar ta kai majalisar Faransa. Hanyar da motocin Citroën suka bi a dajin Kongo kuwa dubban mutane aka tara suka sare ta kafin su iso, kuma aikin tilas bai haramta a ƙasashen Faransa ba sai 1946. Tsofaffi a garuruwan bakin iyaka suna da labarin iyalan da suka tsallako ƙasar Ingilishi don gudun wannan aiki da haraji. Poirier ya ga masu saran hanya. Motar ya fi so.

A ɓangarenmu na iyaka ma ba a bar mu a baya ba: a shekarar 1926 ɗin dai Geoffrey Barkas ya fito da Palaver, wanda ya ɗauka a ƙasar Filato, labarin wani jami'in Ingila da wani mai haƙar kuza suna takara a kan wata nas, mutanen ƙasa kuwa su ne hatsarin da ke bayan fage. Bai kai aikin Poirier kyau ba ko kusa, don haka bai kai shi haɗari ba.

Abin lura, a cikin ayarin Citroën akwai wanda ya fi kyamara kunne, shi ne mai zane Alexandre Iacovleff, ɗan Rasha. Zane yana buƙatar mutum ya zauna a gabanka sa'a guda ko fiye, kuna kallon juna. Wataƙila shi ya sa hotunansa da yawa suke ɗauke da sunan mai su da muƙaminsa, ciki har da na shugaban mahayan Sarkin Maraɗi Musa, mutum mai kallon da ba na wanda ya zo a yi kallonsa ba. Shi ma Iacovleff kasuwar Paris yake yi wa aiki, ba waliyyi ba ne. Amma wanda aka rubuta sunansa, jikokinsa na iya zuwa su ce namu ne.

Mu kuwa mun daɗe da sanin maganin hoton da ba ya magana da harshenmu. Tun zamanin majigi, da motar gwamnati ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, akwai mai bayani a gefe da lasifika, kuma sau da yawa abin da ya faɗa shi mutane ke komawa gida da shi, ba abin da Baturen da ya haɗa fim ɗin ya nufa ba. Masu fassara finafinan Indiya a Kano sun gaji wannan sana'a, har sukan mai da jarumin Mumbai ɗan unguwa. Specht ya juya kimanin mita 27,000 na faifai a tafiyar nan, abin da ya haura sa'o'i 15 ko da wane gudu aka haska shi, fim ɗin da aka fitar kuwa bai kai sa'a biyu ba, kuma rabon ƙasar Hausa a ciki 'yan mintoci ne. Waɗannan mintocin sun isa a kafa ƙyalle a Tasawa ko Maraɗi ko Jibiya, a kashe kiɗan Turai, a cire rubutun Faransanci, a zaunar da Sarkin Makaɗa da wata tsohuwar jakadiya a gaba, a ba su lasifika, a kuma kunna na'urar naɗar murya kafin su fara.